Bututun da Na Gajarta

Ni da Yayana aikin kwano muka tashi muka tarar a gidanmu. Mahaifinmu yana ƙera bokiti da indararo a Zongon Kwatano, mu kuma da zamani ya juya muka ƙara da bututun hayaƙi na gidajen burodi, da murhun gas na masu abinci, da tukunyar ruwan zafi ta masaukan unguwar Jonquet. Shagonmu rumfa ce a layin da ke bi ta bayan masallaci. Yaya ya girme ni da shekara bakwai. Shi ne mai awo, ni ne mai hawa sama. Lokacin da wannan abu ya faru na haura arba'in, ina da mata da 'ya'ya huɗu, don haka ba zan ce ƙuruciya ce ta ja ni ba.

A Kwatano ba a san sanyin da zai sa mutum ya nemi injin ɗumama ɗaki ba. Laima muke da ita. Idan damina ta kankama sai a yi mako rana ba ta fito sosai ba, riga ta kwana uku a kan igiya tana tsami. Masu kilishi sun fi kowa shan wuya, domin naman da aka yanka falle-falle in bai sha rana ba yauƙi yake yi, sai zubarwa.

Akwai wani Alhaji mai kilishi a unguwarmu wanda kayansa ke zuwa har kantunan Gbégamey da Calavi. Wata damina ya gaji da zubar da nama, ya je por, wato tashar jirgin ruwa, ya sayo wani inji okaziyo, na hannu, da aka sauke daga ƙasashen sanyi. Akwatin ƙarfe ne da ake rataye shi a sama, wutar gas tana ci a cikinsa, fanka a bayansa tana hura zafin cikin ɗaki. A can, sito da gareji ake ɗumamawa da shi. Alhaji ya gina ɗaki a ƙuryar gidansa, ba taga saboda ƙuda, ya jera ragar ƙarfe hawa-hawa ta shanya nama, ya aiko a kira mu.

Yaya ya kwana biyu yana kwance injin yana mayarwa. Ya canja ƙananan hancinan da gas ke fita ta cikinsu, don gas ɗin can ba irin namu na tukunya ba ne. Da ya gama ya ce Alhaji ya kira masa waɗanda za su riƙa shiga ɗakin. Mutum biyu ne. Ɗaya Ba'adare ne mai furfura a gemu, mai yawan raha, ya yi shekaru yana tsoma wa Alhaji nama a labu, haɗin ƙuli da yaji na kilishi. Ɗayan mutumin Jugu ne, ba ya son magana.

Yaya ya ce musu, "Ku saurara da kyau, don ku ne a ciki, ba mu ba. Bututu biyu za mu yi. Na ƙasa zai shigo wa wutar da iska daga waje. Na sama zai fitar da abin da ta ƙona. In ɗaya ya toshe, abin da zai cika ɗakin nan ba shi da launi, ba shi da wari. Kanka zai yi nauyi, ka ce bari in ɗan zauna. Daga wannan zaman ba a tashi."

Ba'adare ya yi dariya ya ce, "Malam, ni da na yi shekara ashirin a bakin tukuba, hayaƙi ai abokina ne."

"Wannan ba ya abota da kowa," in ji Yaya. "Ku riƙa duban wutar. Shuɗiya lafiya. In ta yi rawaya tana rangaji, ko kuka ga kunkunniya a bakin injin, ku rufe gas ku fita ku bar ƙofa a buɗe."

Mun yi aikin yadda ya kamata, wannan zan iya rantsuwa a kai. Mun huda bango kusa da ƙasa ta ɓangaren lungu, muka sa bututun iska mai faɗin tasa, bakinsa na waje yana kallon ƙasa saboda ruwa, da raga saboda ɓera. Bututun hayaƙi kuwa gaɓa-gaɓa muka naɗa shi a shago. Kowace mahaɗa ƙusa uku da man da ba ya jin zafi. Ba inda ya kwanta, ko'ina yana hawa. Inda ya huda rufi mun bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da katako, muka yi masa kwala da kwano. A gindinsa muka sa ɗan kofi da zai tare ruwan da ke tsattsafowa.

Matsalar tana saman rufi. Ɗakin Alhaji a manne yake da bangon gidan wani tela, gidan bene. A saman, daidai kan ɗakin, akwai taga, ta ɗakin mahaifiyar telan, tsohuwa mai ciwon asma. Yaya ya hau ya auna, ya ce bututun sai ya wuce tagar, ya wuce bakin rufin tela, kusan mita biyar ke nan daga rufin Alhaji. Bututu mai wannan tsawo ba ya tsayawa da kansa a iskar teku. Sai an ɗaure shi da ƙarafa a jikin bangon tela. Shi kuwa tela ba sa ga-maciji da Alhaji, shekara da shekaru, a kan kwatar da ke fito da ruwan wankin nama ta bi ta ƙofar shagonsa.

Ranar da za mu hau, aka kira Yaya daga Calavi, bututun wani gidan burodi da muka saba yi wa aiki ya faɗo. Kafin ya hau zem, wato babur ɗin haya, ya ce mini, "Ka je ka roƙi tela. In ya yarda ka kafa. In ya ƙi kada ka kunna, ka jira ni."

Na je. Tela yana kan keke, bai ko tsayar da ƙafarsa ba.

"Ko ƙusa ɗaya ba za a buga a bangona ba," ya ce. "Ka gaya masa ya fara gyara kwatarsa."

Na koma na gaya wa Alhaji. Ya kama hannuna ya kai ni tsakar gida. Naman shanu biyu ne a yanke, an jera a tabarmi, an lulluɓe da leda. Sama ta yi baƙi ƙirin ta gabas.

"Malam, dubi naman nan," ya ce. "Ka sa mini ko gajere ne, na kwana biyu kawai. Kafin Yayanka ya dawo ni zan shawo kan tela da dattawa."

Na san maganar Yaya. Na san kuma abin da ya sa ya faɗe ta. Amma na dubi naman, na dubi Alhaji, mutumin da ke gaisawa da mahaifinmu tun ina goye, na ji nauyin ce masa a'a. Na hau na haɗa gaɓa biyu kawai, na ɗaure su da waya a rufin Alhaji, na kifa musu hula. Hular ta tsaya kamar kamu biyu ƙasa da tagar tsohuwa. Na sauko na kunna. Wuta ta kama shuɗiya shar. Na kunna tsinken turare na kara a bakin injin, na ga bututu yana zuƙe hayaƙin sama. Alhaji ya dafa kafaɗata yana sa mini albarka.

Yaya ya dawo bayan kwana uku.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Tela ya yarda?"

"An daidaita," na ce, ina duban almakashin da ke hannuna. Daga layi ba a hangen rufin ɗakin, kuma aiki ya yi mana yawa a makon. Bai je ya duba ba, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Kwana biyu suka zama tara. A tsakiyarsu tela ya zo shago, ya tarar da ni ni kaɗai. Idanunsa sun yi ja.

"Mahaifiyata ba ta iya numfashi. Ta buɗe taga, tururin abinku. Ta rufe, zafi. Na je wurin Alhaji ya ce kai ne mai aikin."

"To ka bar ni in kafa ƙarfe a bangonka in ɗaga shi sama."

"Ku cire shi gaba ɗaya."

"Wannan kuma sai Alhaji."

Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Haka za ku yi ta jefa ni tsakaninku?" Na ce masa gobe zan zo in duba. Goben ta zo ban je ba.

Ranar Alhamis ce, bayan azahar, ana yayyafi. Muna naɗa indararo sai ga matar da ke sayar da shinkafa a ƙofar gidan Alhaji ta shigo rumfarmu a guje, ba gyale, ludayi a hannunta.

"Ku zo! Ɗakin Alhaji ya kashe mutane!"

Da muka isa tsakar gidan ya cika. An jawo mutum biyun an shimfiɗe su a kan siminti. Mutumin Jugu yana kelaya amai, idanunsa na juyawa. Ba'adare yana kwance rigingine, leɓɓansa jawur kamar ya ci goro, ana ta kwara masa ruwa ana kiran sunansa. Ba ya motsi. Mai shinkafa ce ta ga ba su fito cin abinci ba, ta tura ƙofa, ta same su a zaune sun jingina da bango.

Yaya bai tsaya kallon su ba. Ya ruga inda tukwanen gas suke a waje ya murɗe su duka, ya sa dutse ya tokare ƙofar ɗakin, yana ihu kada kowa ya shiga, a ɗauki mai ran a kai asibiti. Sannan ya ja da baya zuwa tsakiyar gidan ya ɗaga kai. Ya ga gaɓa biyun nan da wayar da na ɗaure su. Hular ba ta kan bututun. Ya juyo ya dube ni.

A daidai nan ƙanin Ba'adare ya iso. Mahauci ne, ƙato, shi ke kawo wa Alhaji nama daga mayanka. Ya zo da abokan aikinsa wajen goma, rigunansu duk jini, wuƙaƙe a ƙugu. Ya durƙusa ya ɗago kan wansa, ya girgiza shi, ya kara kunne a ƙirjinsa. Sai ya yi wani irin kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Ya miƙe yana neman Alhaji. Alhaji ya riga ya shige ɗaki ya kulle.

"Wa ya haɗa abin nan?" in ji mahaucin.

Wani daga baya ya ce, "Ga su nan, masu kwano."

Yaya ya taka ya shiga gabana. "Ni ne," ya ce. "Ka yi haƙuri ka saurare ni..."

Ƙarfen wasa wuƙa ne a hannun mahaucin. Ya kai masa shi a fuska da dukan ƙarfinsa. Na ji ƙarar, kamar an fasa kwakwa. Yaya ya dafe idonsa na hagu, jini na bi ta tsakanin yatsunsa, ya durƙushe. Na yi kukan kura na rungumi mahaucin ta ƙugu ina ihu, "Ni ne! Ni na gajarta shi! Ba ya nan aka yi!" Ba wanda ya ji ni. Wani ya maka mini benci a baya, na faɗi, wani ya sa mini takalmi a baki. Na ji haƙorana a kan harshena kamar tsakuwa. Aka ja ni zuwa bakin ƙofa aka danna kaina cikin kwatar nan ta ruwan nama, mutum ya ɗora gwiwa a wuyana.

Daga nan, da ido ɗaya a saman ruwan, na ga abin da aka yi wa Yaya. Sun ja shi ta ƙafa har titi, kansa yana bugun dakali. Masu duka ba mahauta kaɗai ba ne. Akwai mutanen da muke sahu ɗaya da su a masallaci. Akwai wanda muka yi wa murhu. Akwai waɗanda wucewa kawai suke yi, ba su ma san me ya faru ba. Wani da itacen wuta, wani da sarƙar babur. Yaya ya ɗaga hannu ya kare kansa, aka sauke masa katako a kai, na ga hannun ya lanƙwashe inda ba gaɓa. Bai yi ihu ba, salati kawai yake yi, muryar tana raguwa.

Sai wani ya ce, "A kawo taya!"

Duk wanda ya zauna a Kwatano ya san abin da ke bayan wannan kalma. Mutum biyu suka ruga rumfar mai faci. Mai facin, wani dattijo Bafon, ɗan asalin garin, ya kwanta a kan tayoyinsa yana zagin su da yarensu, suka hamɓare shi suka gangaro da ɗaya. Wani ya fizgi kwalbar fetur daga teburin masu sayarwa a bakin titi. Na ji warin tun kafin in ga ana tuttula shi a kan rigar Yaya. Na yi ta mutsu-mutsu, mai gwiwa ya ƙara dannawa har na shaƙi ruwan kwata.

Ashana ta farko ta mutu saboda yayyafi. Kafin a ƙyasta ta biyu mai shinkafa ta kutsa da bahon ruwan wanke-wanke ta sheƙa wa Yaya, ta jefi mai ashanar da bahon, ta tsaya a kansa ƙafa a ware.

"Wallahi sai dai ku ƙona mu tare! Ku da ba ku san kowa ba! Mutumin da ya zo ya rufe gas ɗin ne za ku kashe?"

Wani ya mare ta har ɗankwalinta ya faɗi. Ba ta gusa ba. Mata biyu suka fito daga gidan da ke kallon na Alhaji suka tsaya tare da ita. Ban san iya lokacin da za su iya riƙe taron ba, don mahaucin ya riga ya zare wuƙa yana cewa su matsa.

Murya ce daga sama ta tsayar da shi. Wani mai zem ya hau rufin ɗakin Alhaji don ya ɗauki abin da ake yi a wayarsa. Yana can ya lura da bakin bututun.

"Kai! Ku duba! An cusa wani abu a ciki!"

Ya naɗe hannunsa da rigarsa ya ja. Buhu ne jiƙaƙƙe, ya babbake ta ƙasa. Ya girgiza shi, ƙyallaye suka zubo, na atamfa da shadda da leshi, kala-kala, suna sauka a tsakar gidan Alhaji. Ba wanda ya buƙaci a gaya masa gidan da ake samun irin wannan tarkace a layin. Duk kawuna suka ɗaga zuwa tagar bene.

Mai gwiwa ya tashi daga wuyana. Taron ya bar Yaya a kwance ya kwarara ƙofar tela kamar ruwa ya sami gangare.

Na rarrafa na isa wurin Yaya. Fuskarsa ba ta ganuwa. Na ɗora kansa a cinyata, mai shinkafa tana goge masa fetur da zaninta. Muna nan muna jin ana karya ƙofar shagon tela. Aka fara wurgo kaya titi, ɗinkunan mutane, madubi, dutsen guga. Keken ɗinki ya faɗo daga bene ya tarwatse kusa da mu. Tela ya tsaya a saman matakala da babban almakashi. Na farkon da ya hau, tela ya soka masa shi a damtse, mutumin ya gangaro yana ihu. Na biyu mahaucin ne. An ce sau ɗaya mahaucin ya kai sara, ya sami tela tsakanin wuya da kafaɗa. Abin da na gani da idona shi ne tela ya fito baranda da baya, rigarsa rabi ja, ya haura ƙarfen ya saki jiki. Ya faɗo kan rufin Alhaji, kwano ya lotsa, ya mirgino ƙasa, ƙafarsa ta juya baya. Suka sake rufar masa.

Motar 'yan sanda ce ta cece shi. Suka harba barkonon tsohuwa, kowa ya watse yana tari. A cikin wannan hayaƙi matan gidan tela suka sauko da mahaifiyarsa a cikin bargo, bakinta a buɗe, ƙirjinta na kukan usur. Mota ɗaya aka zuba mu, ni da Yaya da tela, jininmu yana haɗuwa a ƙasan motar.

Ba'adare ya riga ya cika tun kafin a fito da shi. Mutumin Jugu ya rayu, amma har yau in ana magana da shi sai ya manta farkonta. Shi ya gaya wa masu bincike cewa tun kwana uku kafin ranar sun kara kwali a bakin bututun ƙasa, don iskar da ke shigowa da danshi take, tana hana nama bushewa da wuri. Tela kuma ya amsa cewa da safiyar ranar ya zura sanda ta taga ya ture hular, ya cusa buhun. Ya ce shi a tunaninsa wutar mutuwa za ta yi, kamar yadda murhu ke mutuwa in an kife shi.

Bayan an ɗinke mini leɓe aka kai ni kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda. Na faɗi komai, awon Yaya, da umarninsa, da gaɓa biyun, da zuwan tela shagonmu. Na kwana huɗu a tsare, don haka ban sami jana'izar Ba'adare ba. Tela ya tafi gidan yari da sandar guragu. Mahaucin ma ya tafi. Alhaji ya yi ta sintiri tsakanin kotu da dattawan unguwa, daga baya ya sayar da gidan ya koma wajen gari. Cikin waɗanda suka doki Yaya a titi ba a kama ko ɗaya ba. Wasunsu har gaishe shi suka zo.

Da aka sake ni na wuce asibiti wurin Yaya. An cire idon. Hannun yana cikin filasta, haƙarƙari uku sun karye. Matarsa tana zaune a gefen gado, da ta gan ni ta tashi ta fita ba ta amsa sallamata ba. Na tsuguna a ƙasa.

Ya juyo da kansa ya dube ni da ido ɗayan. Sannan ya ce, "Gaɓa nawa ka sa?"

"Biyu."

"Nawa na ce?"

"Shida, Yaya."

"Da na tambaye ka, me ya sa ka ce an daidaita?"

Na ce ya yafe mini.

"Idona nawa ne, na yafe," ya ce. "Da ka ce mini Yaya na yi kuskure, da a ranar na je na rufe gas ɗin, Alhaji ya zage ni, shi ke nan. Ba'adaren nan 'ya'yansa uku a Tawa. Wannan ba ni zan yafe maka ba."

Na kifa kaina a bakin gadon ina kuka. Bai hana ni ba, bai kuma taɓa ni ba. Da zan tafi ya ce, "In an buɗe gidan, ka je ka sauke abin nan da hannunka. Kada ka aiki kowa."

Sai bayan wata guda hukuma ta cire kwaɗon da ta sa a ɗakin. Na je da safe da tsani. Naman da ke kan raga ya ruɓe ya bushe ya zama kamar fata. Na kwance injin, na sauke shi, sannan na hau rufi. Lotsawar da tela ya yi tana nan, ruwan sama ya taru a ciki. Na tsaya kusa da bututun ina warware waya, sai na ga ashe in na miƙa hannu ina taɓa dakalin tagar. Ranar da na kafa shi ban miƙa ba.

Tagar ta buɗe. Tsohuwar ce, an sallamo ta daga asibiti. Ta rame ƙwarai, tana riƙe da ƙarfen taga da hannu biyu. Fuskarta da tawa ba su fi taku ɗaya ba.

"Kai ne ka kafa shi?"

"Ni ne, Inna."

Ta ja numfashi da ƙyar kafin ta ci gaba.

"Kwana tara yaron nan yana zaune a bakin gadona yana yi mini fifita. Ni na ce masa ya yi wani abu. Na ce, kai wane irin ɗa ne, ana kashe uwarka kana ɗinki?" Ta tsaya ta yi tari. "Ka je wurinsa?"

"Ban je ba, Inna."

"To ka je. Ni ba na iya sauka matakala. Ka gaya masa ina cin abinci."

Ta ja tagar ta rufe. Na ƙarasa warware wayar, na zare gaɓa biyun, na toshe hudar rufin da kwano don kada ruwa ya shiga. Ranar Lahadi na hau zem na tafi gidan yari da kwanon tuwo da matata ta dafa. Na yi layi tare da matan fursunoni har rana ta take. Da aka fito da tela yana dogara sanda ya ga ni ne, ya juya zai koma. Na ɗaga murya ta cikin raga na gaya masa saƙon mahaifiyarsa. Ya tsaya, bayansa gare ni. Sannan ya ce wa gandiroba ya karɓi kwanon.